Ɗan Wanzami Mai Tsoron Jini

Hamisu ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya danna alƙalamin da ƙarfi har bakinsa ya huda takardar. Tun hantsi yake zaune a kan bencin barandar ofishin ilmi na lardi, takarda a kan gwiwa. Farkon wasiƙar bai ba shi wahala ba. Ya gaida hukumar ba da tallafin karatu ta Kaduna da Turancin da ya dace, ya faɗi sunansa da garinsu, ya roƙi a sake ɗaukar nauyinsa ya shiga kwalejin kimiyya ta Zariya. Inda ya maƙale shi ne wurin da zai faɗi abin da ya raba shi da makarantar koyon aikin likita ta Kano, bayan gwamnati ta yi shekaru tana ɗawainiya da shi.

Ƙarar tafireta ta tsaya a cikin ofis. Alfred Dzarma, akawun wurin, ya leƙo ta taga. Ɗaki ɗaya suka kwana tun suna makarantar Midil, shi ya sa babu sauran kunya a tsakaninsu.

"Har yanzu, mutumina? Gobe da safe za a rufe jakar wasiƙun Kaduna. In ban buga ta ba kafin nan, sai baɗi."

Ya miƙo hannu ya zare takardar kafin Hamisu ya hana shi. Ya karanta, leɓensa na motsi, sannan ya ɗago.

"Saboda rashin lafiyar mahaifina," in ji shi. "Wane mahaifin? Baba Ya'akubu? Wanda ya yi mini aski ranar Asabar yana ba ni labarin Kano har na makara?"

"Ai na soke wannan."

"Na gani. Wanda ke ƙarƙashinsa ma na gani: wai yanayin Kano bai karɓe ka ba. Kai da iyayenka Kanawa ne." Alfred ya rage murya. "Ji nan, Hamisu. Tun da ka dawo ban tambaye ka abin da ya faru ba, yanzu ma ba tambayarka nake yi ba. Amma makarantar za ta aika da nata bayanin Kaduna. Za su ajiye naka kusa da nasu su karanta. In suka saɓa, shi ke nan."

Hamisu ya karɓi takardarsa ya ninke. Ya ce zafi ne ya hana shi tunani.

"To, je gida ka yi tunanin. Ka kawo mini gida Wulari da yamma, gobe in fara da ita."

Ya bi inuwar itatuwan maina ya nufi gida. Da gangan ya kauce wa bakin kasuwa, amma hakan bai cece shi ba. Wani tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Likita, barka da rana!" Wata mai nono ta tsayar da shi tana nuna masa kumburin wuyanta. Ya ce ta je asibiti, ya wuce da sauri kamar wanda aka aika.

A unguwar Hausari kowa ya san ɗan Ya'akubu wanzami ya tafi Kano zai zama likita. Abin da ba su sani ba shi ne, a takarda babu wanda ya kai shi a ajinsu. Ya haddace ƙasusuwan jiki da jijiyoyi kamar karatun allo. Amma ranar da aka fara shiga da su ɗakin fiɗa, wuƙa na taɓa fata ya ji kunnuwansa sun toshe, sai farkawa ya yi a ƙasa ana yi masa fifita. Aka yi dariya, aka ce kowa da irin ranarsa ta farko. Shi tasa ba ta wuce ba. Ya gwada shiga da yunwa, ya gwada shiga a ƙoshe. Ya sha rubutu. Ya riƙa zuwa mahauta da asuba shi kaɗai don idonsa ya saba, mahauta suka gaji da ɗauke shi daga ƙasa. Da jarrabawar aikin hannu ta zo ya faɗi, aka ba shi dama ya sake, ya sake faɗuwa, wannan karon har ya ture tiren kayan aiki. Shugaban makarantar ya kira shi, ya yi masa magana mai taushi, ya sallame shi.

Da ya iso gida ya ce hutu aka yi. Hutun ya yi wata guda, ya shiga na biyu, yana cikin na uku.

Ya tarar da mahaifinsa a zaure yana wasa aska a jikin fata, wani tsohon dogari daga unguwar Shehuri na zaune a gabansa da jiƙaƙƙen kai. Hamisu ya durƙusa ya gaishe su, ya shige ɗakinsa. Bai ko buɗe takardar ba ya ji ihu daga bakin titi.

"Likita! Ina Likita? Ku kira mini Likita!"

Muryar Ya Kaltum ce, maƙwabciyarsu, tana haɗa Hausa da Barbarci don ruɗewa. Kafin ya yanke shawarar abin da zai yi, mahaifiyarsa Inno ta ɗaga labule.

"Fito maza! Umara ne, gizago ya sare shi."

Umara kafinta ne, ɗan Ya Kaltum, tare suka yi wasan ƙasa. Maza huɗu ne suka ɗauko shi a kan ƙyauren da yake sassaƙawa, suka ajiye shi a tsakiyar zaure. Mutane sun cika ƙofar, har da masu leƙe ta kan katanga. Da Hamisu ya fito suka dare masa hanya.

"Ku matsa, ga Likita nan."

"Alhamdu lillahi, Allah ya sa yana gari."

Ya durƙusa, ya kafa idonsa a kan fuskar Umara, ya ƙi kallon ƙasa. Fuskar ta yi fari, gumi na tsattsafowa. Wani ya taho da toka a hannu zai zuba.

"Kada a sa toka!" Hamisu ya ji muryarsa ta fita da ƙarfi. "A ɗaga ƙafar sama, ta fi ƙirjinsa. A samo tsumma mai tsabta a danne wurin, a danne sosai, kada a ɗaga a duba. Ɗinki yake so, a kai shi asibiti yanzu."

"To kama mana, ɗana!" in ji Ya Kaltum. Ta cafko hannunsa ta ɗora a kan ƙwaurin.

Ɗumi ya ji da farko, yana bin tsakanin yatsunsa. Sai ƙarnin ya bugi hancinsa. Ya duba. Ya san abin da ke tafe, ya san shi sarai: kunnuwa suka toshe, zauren ya yi nisa, fuskokin mutane suka koma kamar ana ganinsu ta cikin ruwa. Ya yi ƙoƙarin cewa wani abu. Bai san ko ya faɗa ba.

Da ya farka yana kwance a kan tabarma a tsakar gida, rigarsa sharkaf da ruwa. Inno na zaune a gefensa da mafici. An wanke masa hannu. Daga waje yana jin sauran mutane suna watsewa, wani yana ba wani labari, sai kuma dariya ta tashi aka yi saurin danne ta.

"Umara fa?" ya tambaya.

"Babanka ya ɗaure ƙafar. An samu motar itace ta kai shi asibiti."

Ta ci gaba da fifita, idonta a kan bango. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya juya ya ba ta baya, ya kwanta a haka har aka kira azahar. Bai fita masallaci ba, a ɗaki ya yi sallarsa.

Bayan an sauko, Malam Ya'akubu ya aiko a kira shi. Zauren babu kowa. An share, an zuba sabon yashi a inda ƙyauren ya kwanta. Tsohon na zaune a kan buzunsa, zabira a buɗe. Ya dubi ɗansa sama da ƙasa.

"Sumar nan taka ta yi yawa," in ji shi.

Gaban Hamisu ya faɗi. Sai da ya ga uban yana nuna kansa da aska sannan ya gane gashi ake nufi. Ko kuwa duka biyun ne, bai iya tantancewa ba.

"Zauna."

Ya cire hula ya zauna ya ba shi baya. Ruwa mai sanyi ya sauka a kansa, sannan yatsun nan masu tauri da ya sani tun yana yaro suka shiga murza sabulu. Askar ta fara tafiya daga ƙeya. Da yake ba ya ganin fuskar mahaifinsa, sai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Baba, ba hutu aka yi ba."

"Na sani."

"An sallame ni ne. Na faɗi jarrabawa."

"Tsaya da kanka, kada in yanke ka mu sake kwasar wani aikin." Askar ta ci gaba. "Tun ranar da ka sauka daga mota na sani. Na ga ka zo da bokitinka da fitilarka. Mai zuwa hutu ai yakan bar su can."

Hamisu ya dubi ƙasa. Gashi na zubowa a kan cinyarsa.

"Jinin ne?" uban ya tambaya.

"Shi ne."

Malam Ya'akubu ya goge askar a tafin hannunsa. "Kai ba za ka tuna ba. Kana ƙarami, ko kaciya ba a yi maka ba, na tafi da kai Shehuri zan yi wa wani malami ƙaho. Na ba ka ƙwarya ka riƙe. Ina cire ƙahon farko na ji tim a bayana. Na ce yarinta ce. Na sake gwada ka, na sake gwadawa. Daga nan na ce wannan ba ɗan zabira ba ne. Yayyenka suka ɗauki aska, kai na kai ka boko. Har gori aka yi mini, wai na ba Nasara ɗa. Ni kuwa na kai ka ne don ka sami abin yi inda babu jini."

Ya karkata kan Hamisu gefe da yatsa biyu.

"Sai ga ka wata rana da gudu, wai an zaɓe ka za ka zama likita. Duk ayyukan da ke cikin boko, ka tsallake su ka je ka nemo wannan."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Baba?"

"Kana ta murna. Na ce kuma wataƙila Turawa suna da dabarar da ba ni da ita. Ashe su ma ba su da ita."

Askar ta zagaya bayan kunne. Da tsohon ya sake magana, muryarsa ta canja.

"Faɗuwa jarrabawa ba ta dame ni ba, Hamisu. Haka Allah ya yi ka. Amma kullum muna cin tuwo akushi ɗaya kana ce mini hutu, ina jira ka faɗa da bakinka. Ni ma da na yi shiru ban kyauta ba. Ga shi yau abin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Daga shagon Umara zuwa asibiti, da daga shagonsa zuwa nan, wanne ya fi kusa?"

"Asibiti."

"To me ya kawo su nan?"

Wannan bai zo wa Hamisu a rai ba sai yanzu. Tun da ya farka, dariyar mutane kawai yake ji a kunnensa. Bai tuna cewa jinin da Umara ya zubar a hanyar Hausari, saboda sunan da shi ya bari ana kiransa da shi ne ba. Ya ji wuyansa ya yi nauyi, har uban ya sa hannu ya ɗago masa haɓa.

"Abin da ka faɗa kafin ka suma, shi na yi," in ji Malam Ya'akubu. "Na ɗaga ƙafar, na danne, ban sa komai ba. Da ni kaɗai ne da na zuba garin magani. Malamin asibiti ya ce gara da ba a zuba ba. Karatun yana nan a kanka, bai zube ba." Ya watsa masa ruwa, ya shafe kan da tafin hannu. "Tashi. Innarka ta dama kunu, kai za ka kai wa su Umara asibiti. Ba yaro za a aika ba."

Kafin kunun ya huce Hamisu ya shiga ɗaki ya ɗauko sabuwar takarda. Ya kwafe farkon kamar yadda yake. Da ya iso wurin da ya tsaya da safe, ya rubuta da Turanci mara ado, abin da ma'anarsa ita ce:

"An sallame ni daga karatun likita ne saboda na faɗi jarrabawar aikin hannu har sau biyu. Dalili kuwa shi ne ina suma idan na ga jini. Na yi iyakar ƙoƙarina in rabu da wannan, ban iya ba, kuma ba na zaton zan iya. Ya kamata in faɗi haka tun shekarar farko, in bar wa wani gurbin, amma kunya ta hana ni. Sakamakona na lissafi da kimiyya yana hannunku. Ina roƙon a ba ni dama in koyi aikin injiniyan ruwa. A lardinmu ana haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma masu aikin duk daga nesa ake kawo su."

Ya karanta sau ɗaya. Hannunsa ya kai ga alƙalami zai gyara maganar suman, ya mai da ita wani abu mai kama da ciwo. Ya ajiye alƙalamin, ya sa hannu a ƙasa, ya ninke.

Ya sami Alfred a ƙofar gidansa a Wulari, daga shi sai singileti, yana gyaran sarƙar keke. Alfred ya goge hannu ya karɓa. Yana cikin karantawa gefen bakinsa ya fara rawa. Ya yi tari, ya juya baya, kafaɗunsa na motsi.

"Yi dariyarka," in ji Hamisu. "Duk Hausari sun riga ka."

"Ba dariya nake ba." Ya juyo yana share ido. "Kai, Hamisu! Ɗan wanzami guda! Shi ya sa ranar da na fasa goshi a filin ƙwallo ka ce fitsari ya matse ka?" Ya sake duba takardar, fuskarsa ta nutsu. "Haka zan buga ta? Ba za a rage komai ba?"

"Haka za ka buga ta."

"Ban san abin da za su ce a Kaduna ba. Wataƙila su ba ka, wataƙila su ce an riga an yi asara a kanka sau ɗaya."

"Na sani."

Alfred ya shiga da ita ciki, ya sa a aljihun rigar da zai sa gobe.

Rana ta yi sanyi lokacin da Hamisu ya isa babban asibiti da kwanon kunu a hannu. Tun daga bakin baranda warin magani ya tare shi. Ya Kaltum na zaune a kan tabarma a ƙarƙashin tagar ɗakin maza. Ya ajiye kwanon a gabanta, ya durƙusa har ƙasa.

"Ya Kaltum, sannu da jiki. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi." Ba ta dube shi ba.

"Na zo ne in ba ki haƙuri. Ni ba likita ba ne. An sallame ni daga makarantar tun kafin in dawo, na ɓoye. Da na faɗa, da nan kuka kawo shi kai tsaye."

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Akwai wasu mata biyu a tabarmar kusa, sun daina hirarsu suna saurare. Hamisu ya ji sabon askinsa na zafi kamar an ɗora masa garwashi, amma bai tashi ba.

"An ce saura kaɗan jininsa ya ƙare," in ji ta a hankali. "Shi ke nan gare ni, ka sani. Da ka faɗa mana, ɗana. Ai ba mu za mu kore ka daga unguwa ba."

"Na yi kuskure."

Ta jawo kwanon ta buɗe, ta duba, ta rufe. "Ka ce wa Inno na gode."

"Wa nake ji kamar Hamisu?" Murya ce daga cikin taga, a raunane amma da sauran tsokana a cikinta. Umara ya ɗago kansa daga matashi, yana riƙe da ƙarfen tagar. Hamisu ya miƙe ya nufi ƙofa.

"A'a, tsaya nan!" in ji Umara. "Kada ka shigo. Yanzu aka canja wa na kusa da ni bandeji, kuma gadajen duk sun cika, babu inda za a kwantar da kai."

Matan nan biyu suka fashe da dariya. Ya Kaltum ta rufe baki da mayafi. Hamisu ya tsaya a bakin tagar, ya ji shi ma wani abu mai kama da dariya ya taso masa.

"Ni aka sara, kai aka yi wa fifita," Umara ya ci gaba. "Ina kwance ina kallo aka bar ni aka koma kanka." Ya numfasa, ya mai da kansa kan matashi. "To yanzu me za ka yi?"

"Na rubuta wa Kaduna. Ina neman su mai da ni karatu, in sun yarda."

"Karatun me kuma?"

"Na ruwa. Haƙar rijiyoyi."

Umara ya lumshe ido kamar yana auna maganar.

"To, da dama," in ji shi. "Ruwa dai ba ja ba ne."

Ya Kaltum ta matsa gefe, ta bar masa bakin tabarma. Hamisu ya cire takalmi ya zauna a ƙarƙashin tagar, ya juya wa ƙofar ɗakin baya.